Ƙaguwoyin Apisalome

Ranar Talata da hantsi, ruwan teku na cikowa, jirgin kasuwa ya sauke Dokta Salote da ɗalibanta a gaɓar Natokavu, ɗauke da rariya da shebur da wani dogon ƙarfe mai murɗewa da suke huda ƙasa da shi. Kafin su taka ko'ina sai da suka kai wa mai garinmu, Ratu Isikeli, damin saiwar yangona, abin shanmu na taro da karɓar baƙi. Aka daka, aka jiƙa a babban akushi, maza suka zauna a kan tabarmi, kowa a mazauninsa.

Mazaunin Apisalome bakin ƙofa ne. Ƙoƙon farko na mai gari ne, na biyu na wanda ke bi masa a daraja, daga nan a yi ta gangarowa. Kafin ƙoƙo ya iso bakin ƙofa an riga an yi wa akushin ƙarin ruwa har ya gaji, abin da Apisalome ke sha ɗauraya ce kawai. Shi dai yakan ce da kansa ya zaɓi wurin saboda iska. Ya taɓa aikin ferayar dankali a wani jirgi mai zuwa birnin Auckland, kuma daga wannan tafiya ya dawo da ilimin injin jirgi, da na cire haƙori, da na dokokin ƙasa.

Dokta Salote mace ce mai magana a hankali. Ta ce sun zo neman inda mutanen farko suka zauna a tsibirin nan, shekara wajen dubu uku da suka wuce. Ta miƙa wani jan tsingaro aka zagaya da shi hannu-hannu, jikinsa da zanen ɗigo-ɗigo kamar an danna haƙoran mataji, ta ce wannan ce shaidar mutanen. Ta ce ba za su kama haƙa barkatai ba, za su bi ƙasa da ƙafa suna duba bakin ramukan ƙaguwa, domin ƙaguwa takan turo abin da ke can ƙarƙashi ta zubar a ƙofarta.

Ratu Isikeli ya juya tsingaron, ya ce duk wanda aka sami wurin a gonarsa, shi ne mai tsaron kakanni, kuma ƙoƙo na biyu nasa ne duk ranar da aka yi baƙi.

Daga nan Dokta ta shiga wani bayani a kan inda teku take a wancan zamani. Apisalome bai ji ba. A lokacin yana raɗa wa na kusa da shi yadda ake sauke kwalekwale a kan yashi ba tare da an jiƙa ƙafa ba.

Lissafinsa gajere ne, kuma ya faɗa wa matarsa Litiana, uwar 'yarsu Mere, tun kafin ya gama shiga gida. Mutane a kwalekwale suka zo. Kwalekwale a bakin ruwa yake tsayawa. Wanda ya kwana da kwanaki a teku ba zai ɗauki kaya ya tafi gindin dutse ba. Saboda haka kakanni suna bakin ruwa, kuma gonar da ta fi kowace kusa da ruwa ita ce ta Nemani, taubashinsa, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da ɗaya ya ci wa ɗaya fuska ba.

Gonar Apisalome kuwa tana can ciki, a gindin dutse. Baƙar ƙasa ce mai ba da gwaza kamar kan jariri, aibinta ɗaya, cike take da kwanson katantanwar teku da fasassun tukwane masu dakusa shebur. Yakan ce aikin kakarsa ne, wadda ta yi suna wajen jifan kakansa da tukunya. Shekara da shekaru yana kwashe su yana watsawa a garken aladensa.

Da la'asar ya ɗauki saiwar yangona ya tafi gidan Nemani, ya zauna, ya tafa. A wajenmu in ɗan'uwa ya zo da irin wannan roƙo, wanda muke kira kerekere, ba a ce masa a'a. Abin da ya rage maka kawai shi ne roƙo na gaba naka ne.

"Taubashi, kerekere na zo."

"Addata tana wurinka tun bara," in ji Nemani. "Tsanina ma haka. Me ya saura, haƙorana?"

"Gonarka ta bakin ruwa. Ka riƙe tawa ta gindin dutse."

Gonar Nemani yashi ce da gishiri da wasu kwakwa uku da suka karkace kamar masu ciwon baya. Nemani ya daɗe yana kallonsa.

"Har da gwazar da ke ciki?"

"Har da ita. Mutum irina ba ya tsayawa kan gwaza."

"To zauna nan, kada ka motsa. Bari in kira dattawa kafin zazzaɓin ya sake ka."

Aka yi musaya a gaban dattawa, aka sha, aka tafa. Litiana da ta ji, ta tambaye shi abin da za su ci. Ya ce matar mai ƙoƙo na biyu ba ta irin wannan tambaya. Ta ce to, Baban Mere, in yunwa ta zo sai ta dafa masa ƙoƙon.

Washegari ya tare Dokta ya ba da kansa a matsayin jagora. Ta gode masa, ta ce suna da hanyarsu, suka bi bayan gari suka nufi ciki. Ya bi su da kallon tausayi, ya gaya wa mata a bakin famfo cewa mutanen birni ke nan, an aike su neman gaɓa sun tafi hawan dutse. Ya koma sabuwar gonarsa ya kama haƙa. Ya tono silifa ƙafa ɗaya, da kwalbar man gashi, da ƙashin wani kare; Nemani ya zo har bakin ramin ya gai da karen da sunansa. Kowane rami in ya kai gwiwa sai ruwan gishiri ya tsattsafo.

Apisalome bai ga laifin lissafinsa ba. Ya ga dai kakanni mutane ne masu tsabta, ba su bar shara ba, kuma wajibi ne jika ya taimaka musu.

Ya ɗebo yumɓu a bakin rafi, ya shiga bayan gida ya gina tukwane uku masu kama da kwanon kare. Ya ɗauko matajin Litiana na katako, wanda haƙoransa biyu na tsakiya suka karye tun bikin 'yarsu, ya bi jikin tukwanen da ɗigo-ɗigo. Saura gashi. Ranar Lahadi da sassafe maza suka hura wuta a ramin gashi na coci, aka jibga duwatsu a kai don su yi ja kafin a ɗora alade da rogo. Apisalome ya zo da ɗanyun tukwanensa a cikin buhu, ya ce a ba shi wuri ya gyara itacen, domin yadda suka jera shi ba haka ake yi a Auckland ba. Ya cusa su ƙarƙashin duwatsu.

Fasto ya zo duba alade ke nan tukunya ta farko ta fashe. Ƙarar ta kori jemagu daga bishiyar mangwaro. Ta biyu ta tarar da Fasto kwance rub da ciki a bayan aladen, yana riƙe da ƙafarsa ta baya. Ta uku ta aika wani gutsure mai zafi cikin gashin shugabar mawaƙa, wadda ta tsoma kanta a bokitin madarar kwakwa. Da ƙura ta lafa, Apisalome ya fito daga bayan tankin ruwa ya yi bayani cewa dutsen rafi ne, in ya sha ruwa haka yake yi, ya sha gani. Ya hana kowa matsowa, ya kwashe gutsattsarin da shebur ya zuba a buhu don kada yara su taka. Mutane har suka yaba masa. A wajen cin abinci Ratu Isikeli ya tauna wani abu, ya tsaya cak, ya ciro shi daga baki, ya duba, ya naɗe a ganye ya sa a aljihu.

Tsingaro ya samu. Sai dai gonar ba ta da ramin ƙaguwa ko ɗaya, domin iyalin Nemani sun cinye su tun da daɗewa.

Ranar Litinin aka kwana ana ruwa, ƙaguwoyi suka fito a bakin fadama. Apisalome ya cika buhu biyu, ya dawo da yatsu uku a naɗe. Ya ari taɓaryar ƙarfe ta dakan yangona ya huda ramuka a jere, ya sa wa kowace ƙaguwa nata, ya tura mata tsingaro, ya ce ta turo shi waje in ta ga mutane. Wata tsohuwa mai wucewa ta rantse ta ji yana yi musu alkawari.

Kafin azahar duk sun fito sun kama hanyar gida, kuma hanyar fadama ta tsakiyar gari ta bi. Suka ratsa makaranta, malama ta hau kan tebur ta sallami aji. Suka shiga coci ta ƙofar gaba suka fita ta baya, ban da ɗaya da ta sami takalmin Fasto ta zauna. Jama'a suka taru suna tambayar abin da ya fito da ƙaguwa da rana tsaka. Apisalome ya kalli sama, ya lashi yatsa ya ɗaga, ya ce guguwa ce ke tafe, ƙaguwa takan riga rediyo sani. Rabin gari suka kama ɗaure rufin ɗakuna da igiya. Aka janyo kwalekwale sama. Wani ya yanka akuyarsa don kada iska ta riga shi.

Shi kuwa ya hau kan madafin Litiana ya kama cire kwanon rufi. Nemani ya tsaya a ƙasa, hannu a baya.

"Taubashi, kowa na ɗaure rufi kai kana kwancewa?"

"Rufin da babu shi iska ba ta ɗauka. Ba za ka gane ba, ba ka fita waje ba."

"Gaskiya ne. Ni iyakacina gindin dutse. Af, gwazarka ta gaishe ka, jiya muka ci."

Da kwanon ya kewaye gonar, ya sake kamo ƙaguwoyi, ya zuba su ciki ya toshe kowace kafa. Guguwa ba ta zo ba, amma ruwa ya zo, ya kashe wa Litiana wuta, ya cika mata tukunya. Ta zauna ƙarƙashin lema tana tsefe kai da cokali mai yatsu, tana tambayar duk wanda ya wuce ko ya ga matajinta.

Ranar Juma'a Apisalome ya aika wa Ratu Isikeli cewa an sami kakanni, a zo a gani. Gari ya taso gaba ɗaya. Aka shimfiɗa tabarmi a cikin shingen kwano, aka kafa akushi, mata suka jeru a baya. A bakin kowane rami akwai tsingaro ɗaya, zanensa na kallon sama, an ajiye shi tsaf kamar farantin baƙo. Apisalome ya ɗaura sabon zane, ya shafa man kwakwa, ya zauna a hannun daman mai gari ba tare da an ce masa ba. Dokta Salote ta iso da ɗalibanta, ƙafafunsu duk baƙar ƙasa, tana riƙe da sabon damin yangona.

Ratu ya ce a fara jiƙawa, amma ba za a sha ba sai Dokta ta duba. In an fara jiƙa yangona ba mai tashi. Wanda ya miƙe kafin ƙoƙo ya zo gare shi ya yafe ƙoƙonsa.

Ƙaguwoyin sun kwana uku ba su ci komai ba, ga ƙanshin man kwakwa. Wata babba ta fito daga ramin da ke ƙarƙashin gefen tabarma, ta tsaya, ta yi shawara, ta shige cikin zanen Apisalome. Mu da ke fuskantarsa mun ga lokacin da ta sami wuri a cinyarsa, domin girarsa ta tashi ta ƙi saukowa. Bai motsa ba.

Dokta ta durƙusa ta ɗauki tsingaro ɗaya. Ta juya shi, ta shinshina, ta ciro wani dogon gashi daga jikinsa. Ta ce abin sha'awa ne, ba ta taɓa samun na kakanni mai ƙanshin alade ba. Ta ɗiga masa ruwa daga gorarta, gefensa ya narke ya zama laka a tafinta. Ta tambayi Apisalome shekarunsa nawa a ganinsa.

"Dubu uku," in ji shi, da wata siririyar murya da ba mu san shi da ita ba. "Ko da ɗoriya."

Ratu Isikeli ya sa hannu a aljihu ya warware ganye. Ya ce yana da ƙanen wannan, a cikin rogo ya same shi ranar Lahadi, kuma ya tafi masa da rabin haƙori. Dokta ta haɗa su, suka zauna daram. Ta ce mai zanen ya yi ƙoƙari, sai dai kayan aikinsa na da giɓi, domin a kowane layi akwai wurin ɗigo biyu da babu su.

Daga bayan taro aka ji muryar Litiana, ba ta ko ɗaga ta ba. "Baban Mere, in kakanni sun gama da matajina, a ce su dawo da shi."

Dariyar ta fara daga wurin mata. Fasto ya dubi ramin gashi daga nesa, ya dubi Apisalome. Mai akuya ya tambayi na kusa da shi ko ita ma guguwar a bayan gida aka gina ta.

Dokta ta jira aka lafa. Ta ce ko da na gaske ne ba za a same shi a nan ba, kamar yadda ta faɗa ranar farko. A zamanin mutanen farko teku ta fi haka cika. Duk filin nan, da coci, da makaranta, ƙarƙashin ruwa suke. Gaɓar wancan lokaci tana can gindin dutse, kuma inda muke zaune yanzu, ruwan ya shanye kan mutum mai tsawo.

"Ashe gaskiyarsa," in ji Nemani. "Nan kakanninsa suka zauna. Kifaye ne."

Dokta ta ɗaga damin yangona. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan: sun sami wurin. Ramukan ƙaguwa na gindin dutse cike suke da shaida, kuma mafi kyawun gutsure a wani garken alade suka tsince shi, fuskar mutum ce da ɗigo-ɗigo, aladen na kwance a kanta. An gaya mata gonar ta Apisalome ce, don haka ta zo neman izinin haƙa.

Apisalome ya miƙa hannu biyu. Ratu Isikeli ya yi gyaran murya, ya ce gonar ta canza hannu ranar Talata waccan, a gaban dattawa, kuma shi ma ya sha a wurin. Damin ya wuce ta gaban hancin Apisalome ya sauka a cinyar Nemani.

Aka cika ƙoƙon farko, Ratu ya tafa ya shanye. Aka cika na biyu. Mai rabo ya taso da shi a hannu biyu, ya nufo dama. Apisalome ya tafa, ya buɗe tafukansa. Mai rabon ya kewaye shi kamar yadda ake kewaye kututture, ya durƙusa a gaban Nemani. Nemani ya sha a hankali, da sauti, ya kife ƙoƙon don a ga bai rage ba.

Gumi na zuba daga haɓar Apisalome, amma ya juyo ya tafa sau uku. "Taubashi, kerekere na—"

"Dakata. Layina ne." Nemani ya zare saiwa ɗaya daga damin, ya ajiye a gabansa, ya tafa. "Kerekere na zo, taubashi. Ƙaguwoyin gonar nan nake roƙo, baƙinmu ba su ci abinci ba. Duka, kada a rage ko ɗaya. Har da wadda ƙafarta ke leƙowa ta ƙasan zanenka."

Ba a cewa a'a. Apisalome ya ce ya ba shi. Mata suka bazu da kwanduna suna tsinta, Litiana ta fara zare kwanon rufinta daga shinge. Nemani ya sa hannu ya kama bayan babbar, ya ja. Ta ƙi saki. Ya sake ja, Apisalome ya taso tare da ita, tun ƙoƙonsa bai zo ba.

Nemani ya ce ba komai, tunda an ba shi zai tafi da ita yadda ya same ta. Ya kama hanyar gari riƙe da ƙaguwa, Apisalome na biye da shi a karkace, yana ɗingishi da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya a kan zane. Ɗaliban Dokta suka matsa gefe don su wuce. Ya waiwayo ya gaya musu su lura da kyau, haka mutanen farko suke kama ta.